Tayoyin Aníbal

Telmo ya ɗaga motar, ya shafi tayar baya da tafin hannu,
ya ce, "Dona Filomena, waɗannan sun ci zamaninsu.
Irinsu za a mayar, ko na kowa da kowa?"
Ruwan Guarda na ɗiga ta rufin gareji.
Na riƙe laima, na kasa amsawa.

Aníbal ne ya zaɓe su, shekarar da likita ya fara rage murya.
Ya ce, "Ko ƙusa ta shiga, ko iska ta fice kaf,
taya ce da ba ta durƙusawa.
Kilomita tamanin za ta kai ki a kan haƙarƙarinta,
daga kan dutse har ƙofar gida."
Bai ce don ba zai zo ɗaukata ba.
Shi ba ya faɗin irin wannan. Taya yake saya.

Shekara shida ina hawan alkawarinsa,
kuma alkawari ne mai tauri.
Kowane dutsen daɓe da ke layin coci
sai ya biyo kujera ya gai da ƙashin bayana.
Ƙwai goma sha biyu nake saya, tara ke isa gida.
Jikata Leonor ta ce motar kaka na tari.
Na yi gum. Wa ke kushe kyautar mamaci?

Ƙusar kuwa ba ta zo ba. Ko sau ɗaya.
Kullum safe ina biyan harajin tsoro,
abin tsoron yana can yana sharar barci.

Telmo ba ya zuga mai saye.
Ya buɗe but, ya yaye shimfiɗa:
"Duba, ko gurbin safaya ba su bari ba.
In za ki koma masu laushi, sai duka huɗu, ba a gauraya su.
Aljihu zai huta, bayanki ma haka,
amma ran da ƙusa ta same ki, nan za ki tsaya,
ko a kwanar Manteigas ne, ko gajimare ya sauko hanya."
Ya miƙo mini ɗan famfo mai igiya da kwalbar danƙo.
"Wannan na ƙaramin huji ne. In gefe ya yage, sai ki yi waya."

Na ce, "Nuna mini."
Na durƙusa a siminti, gwiwa na ƙara,
na kwance murfi, na jona, famfo ya hau gurnani
kamar ƙwaro a gwangwani.
Sau uku na yi kafin ya daina gyara mini hannu.

Da ya ciro tsohuwar, na danna gefenta da babban yatsa.
Ko gezau.
Na danna sabuwar, ta ɗan ba ni wuri, ta dawo,
sai ka ce cikin jariri mai barci.

Da gangan na bi ta layin coci.
Duwatsun na nan, ina jin su, amma can nesa,
kamar hirar maƙwabta ta bayan bango.
Makullan da ke rataye sun daina kaɗa haƙora.

A gaban maƙabarta na taka birki, na sauke gilashi.
Na ce, "Aníbal, na tuɓe sulkenka. Kada ka yi fushi.
Yanzu in ta fashe, zan tsaya gefen hanya kamar kowa,
in sa rigar nan mai ƙyalli, in kafa jar alama, in jira.
Wataƙila in yi kuka,
wataƙila in ɓare lemo in ci."

Ruwa ya jiƙa mini hannun riga har gwiwar hannu.
Na wuce kasuwa, na sayi ƙwai goma sha biyu,
na ajiye su a kujerar da yake zama.