Ɗigo Ɗaya

Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Kaycee tun jiya,
tumaki sun cure a garke kamar sun haɗa baki,
dutsen Bighorn ya ja mayafi ya rufe fuska.
Kakana Ganix ya ce, "Maialen, sauko da gwangwanin can,
yau ranar wankin tagulla ce."

Na juye su a tire, ɗari biyu da sha bakwai,
kwanson harsashin shekara guda,
na cikin ciyawa, na bakin rafi, na ƙarƙashin kujerar mota.
Kowanne ya faɗi maganarsa sau ɗaya ya yi shiru,
baki ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin albarushi,
wani har ya fara kore a wuya
don ya kwana biyu a laka.

Ruwan ɗumi, ɗan sabulu, lemun tsami rabi.
Ina jijjiga tulun, suna ta surutu a ciki
kamar tsofaffi sun haɗu a wurin ta'aziyya.
Ruwan farko ya fito kamar miki,
na biyu kamar shayin da aka manta,
na huɗu ne na hangi yatsuna ta cikinsa.

Idon Kaka ya daɗe da yin hazo,
amma kunnensa bai tsufa ba.
Yakan ɗauki ɗaya ya saki a kan dutsen girki:
in ya ce ƙil, lafiyarsa lau,
in ya ce ƙwal, wuya ya tsage, sai kwandon shara.
Goma sha ɗaya ya kora yau,
bai ko yi musu sallama ba.

Na tsane su a rariya, na mirgina su cikin tawul,
suka fito suna walƙiya, rawaya jur,
na ce, "Sun bushe."
Ya ce, "A'a. Bayansu ne ya bushe.
Ruwa munafuki ne, a gindi yake ɓuya,
cikin ramin nan da bai fi idon allura ba."

Sai ya jawo kujera kusa da murhu,
ya ba ni labarin da na sani, ban hana shi ba:
shekarar da goɗiyarsa Izarra ta faɗa ramin dila,
ƙafa ta karye, ƙashi ya leƙo waje,
gida nesa, rana na faɗuwa.
Ya shafa goshinta, ya ce mata ta yi haƙuri,
ya ɗora bakin bindiga, ya ja kunama.
Ƙas.
Ya sa wani. Ƙas.
Ita kuwa tana kallonsa.

Na uku ne ya tashi.
"Biyun farkon," in ji shi, "ni na wanke su,
ni na yi gaggawa don ana kiɗa a gari daren nan.
Ɗigo ɗaya, Maialen.
Shekara arba'in da shida ban gama biyansa ba."

Don haka muka jera su a tsaye, baki a ƙasa,
layi-layi bisa allon waya a saman murhu,
ba kusa ba, kada zafi ya kashe musu zuciya,
ba nesa ba, kada sanyi ya riƙe musu ruwa.
Itacen fir na ƙara, iska na taɓa ƙofa,
kare ya yi mafarki ya harba ƙafa.

Tsakar dare na farka, na ga haske a kicin.
Yana tsaye cikin safa, hannu na rawa,
yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya,
ya hura a baki, ya tara tafi a gindi,
yana jira ko wani sanyi zai taɓa shi.

Ban yi magana ba. Na ja kujera,
na fara daga ɗaya ƙarshen layin.