Wanki Biyu

Na ƙirga: shadda tara, farare fat,
hula uku, da zanen gadon gidan Malam Barau.
Na sa bula, na sa sitati,
na shanya su bakin Kubanni kafin azahar.

Sai gabas ta yi ja.
Ba jan da manomi ke wa murmushi ba.
Holoƙo ne, na san tafiyarsa:
ta Dakace yake shigowa, babu sallama,
ya kwashi tokar bola a hanya,
ya ratsa mahauta ya ɗebi hayaƙin tayar babbaka,
ledoji na tashi gabansa kamar hankaki,
kwanon rufi na kuka, awaki na neman zaure.
Duk wannan cika baki, ko ɗigo bai kawo ba.

Na ruga igiya.
Ina ciro ta huɗu, ta biyar ta koma kunun kanwa.
Yashi a haƙorina, ƙaras-ƙaras.

Wannan mai sauƙi ne, wanki ne.
A ƙara sabulu, a ƙara jarka biyu,
bayana ya biya sauran.

Na gida shi ne magana.
Atine, shekara shida,
ƙirjinta na busa kamar sarewar kara.
Uwarta ta jiƙa zani ta toshe taga,
ta cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa,
amma ƙura ba ta san an kulle ba.
Da safe sai ka rubuta sunanka kan murfin tukunya.

Likita a Shika ya ɗaga hoton ƙirjinta ga fitila,
ya ce a raba ta da ƙura da hayaƙi.
Na ce to.
Ban ce masa janareton maƙwabci
da bangonmu yake jingine ba.
Ban ce dutsen guga gawayi yake ci ba,
kuma shi ke sayen shuɗin abin shaƙar nan
da take kwana riƙe da shi kamar laya.

Bayan isha na kai garwashi can bayan gida,
nesa da tagarta, ina fifitawa.
Ina guga a nan,
tana jan guga a can,
numfashi ɗaya-ɗaya, daga rijiya mai zurfi.

Ni na fid da manja daga farar shadda,
na fid da goro, na fid da tawada.
Gobe mai riga zai shinshina ya ce madalla,
ba zai san sau biyu ta sha ruwa ba.

Da tarin ya lafa, ta kira ni.
"Baba, iska ma tana yin datti?"
Na ce tana yi.
"Wa ke wanke ta?"
Na ce ruwan sama.
"Yaushe zai zo?"

An riga an yanke gero.
Na soma ƙirga watanni a yatsu cikin duhu,
hannu ɗaya bai ishe ni ba.