Ƙofa Biyu

Ranar da na miƙa makullin Jar Kyanwa
ga wani yaro ɗan Yaman, a kasuwar motoci ta kudancin Jidda,
ko kallona bai yi ba.
Taya yake shuri, yana lissafi da leɓe.
Na ce, giya ta biyu tana da gardama da safe,
ka riƙa lallaɓa ta.
Ya ce to, ya ja ta suka tafi.
Mota ba ta da wuya, balle ta waiwayo.

Shekara bakwai muna tare.
Guntuwa ce, da ƙofa a ƙeya kamar akurki,
amma sa mata ƙafa ka ga rashin kunya.
Ta sha gaban manyan jif a titin Madina,
ta kutsa lungunan Karantina
inda keke ma sai ya tsaya shawara.
Ta ɗauki buhun shinkafa,
ta ɗauki injin wankin Hansai, rabinsa a waje,
ta ɗauki Baba wankin ƙoda
Asabar, Litinin, Laraba,
har ranar da likita ya ce ba sai mun dawo ba.

Sabuwar baƙa ce wuluk, ƙirar Jamus,
ta lafe da ƙasa kamar damisa ta hango rabonta.
Ƙarfin doki ɗari huɗu a ƙarƙashin murfi guda.
In na murɗa ta, salansa ta yi gyaran murya,
tantabarun unguwa su watse.
Rabin kuɗinta gumin gareji ne,
rabin kuwa banki zai yi ta gutsura ta wata sittin.

Bayan asuba na hau dutsen Hada.
Kwana kan kwana, tana lashe su ɗaya bayan ɗaya,
ƙirjina manne da kujera,
Makka can ƙasa, fitilunta suna mutuwa.
Birai a bakin hanya suka bar ɓawon ayaba suna kallo.
Na yi ihu ni kaɗai, kamar yaro ya ga ruwan farko.
Sai wal! Na'urar gefen titi ta ƙifta min ido.
Kafin in kai Ɗa'ifa saƙo ya riga ni:
tara, riyal ɗari tara.
Na yi dariya. Wanda ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa.

Ran Juma'a na kai wa Inna Tabawa ta sa albarka.
Ta dogara sanda, ta zagaya ta sau ɗaya.
"Sallau, ina sauran ƙofofin?
Ko bashin ne bai kai nan ba?"
Muka naɗe Hansai a baya kamar tabarma.
Inna ta sauka cikin kujerar gaba, gwiwa na ƙara,
da muka isa sai da mutum biyu suka ciro ta.
Ba ta yi faɗa ba. Ta shinshina kawai, ta ce,
"Wannan ba ta san kowa ba tukuna."

Da dare na tuna carbin Baba
a aljihun ƙofar hagu, ƙarƙashin takardun asibiti.
Na kira yaron. Lambar a kashe.

Wata uku bayan nan, a danjar Bab Makka,
ga Jar Kyanwa a gefena,
an lotsa mata kunci, baya cike da kwalayen saƙo,
carbin yana lilo a madubi.
Yaron ya dubi baƙar, ya taka totur sau biyu,
yana neman tsere.

Kore ya kawo.
Dawakina ɗari huɗu suka ja numfashi.
Na riƙe su.
Na ji ta shiga giya ta biyu, lafiya lau, ba gardama,
na bi jan bayanta da ido
har na bayana suka dame ni da oda.