Kwalba Biyu

Kwalba biyu ke kan teburina,
duk ruwan kogi ɗaya ne.
Guda ja ce, kamar jiƙon bagaruwa,
guda baƙa, mai na yawo a samanta.

Ta fari na ɗebo ran Talata
a Gamkalle, ƙasan majema,
inda fatu ke shanya kamar tutoci
kuma wari ke tarbar baƙo tun kafin sallama.
Mai wurin Kawu Arzika ne.
Da kuɗin fatar akuyarsa na yi lakwal,
shi ya saya mini takalmin farko mai igiya.
Ya dubi rigar ma'aikata da ke jikina,
ya dubi kwalbar,
ya ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Na ce, "Kawu, da bagaruwa kake jima da toka,
yanzu ga buhun garin da ba ka iya karanta sunansa.
Rami uku doka ta ce, ruwa ya kwanta ya tace
kafin ya gangara wurin masu wanki."
Bai amsa ba.
Na rubuta tara, jika hamsin.
Alƙalamin ya yi mini nauyin taɓarya.
Ya ɗangwala yatsa a tawada ya danna,
yatsan da jima ta riga ta cinye zanensa.

Ta biyu na ɗebo ran Alhamis
bayan shingen kwanon wani shantiye.
Allon ƙofa ya fi ɗakina faɗi,
an rubuta aikin gwamnati ne, don jama'a,
har da alkawarin itace dubu da za a dasa.
Na zagaya baya.
Can kamyo ke juye baƙin mai a kwari,
kwari ya miƙa wa kogi, kogi bai san allo ba.

Mai gadi ya ce shugaba ya fita.
Na zauna kan bulo har azahar.
Shugaba ya dawo, ya ba ni ruwan gora mai sanyi,
ya ce, "Ni da kai ai uwarmu ɗaya,
baitulmali ɗaya ke biyan mu.
Hannun dama zai ci tarar hagu?"
Ya nuna mini kundin binciken muhalli,
shafi ɗari uku, ko gefensa bai lanƙwashe ba.

Na ce, "In kura na maganin zawo
ta fara yi wa kanta."
Tankari direba ya taka mini ƙafa.
Na dai rubuta.
Takarda iri ɗaya, hatimi iri ɗaya,
sai dai a nan alƙalamin bai yi nauyi ba,
gwiwata ce ta yi rawa.

Wata biyu ke nan.
Kawu ya sayar da rago ya biya,
ya haƙa rami biyu, na uku ya tsaya rabi,
in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.
Takardar shantiye tana hawa bene,
daga biro zuwa biro,
kowa ya sa mata hannu kamar jinjirin suna
ya miƙa wa na gaba.

Jiya Gambi mai kifi ta biyo ni har ofis
da karfasa a cikin kwano,
ta buɗe mini kunnen kifin, baƙi ƙirin.
Ta ce, "Malam, wane ne cikinsu ya yi wannan?"
Na dubi ja, na dubi baƙa.
Ruwa ba ya tsami banza,
amma in ya haɗe a tsakiyar kogi
ba ya faɗin sunan kowa.

Gobe zan wanke kwalba ta uku.
Tankari ya ce babu mai a mota.
Kogin ba shi da nisa, zan taka.