Yini Guda a Korinti

Ƙarfe bakwai na ɗauke shi a ƙofar masauki,
shi kaɗai, sauran kujerun mota babu kowa.
'Ya'yansa mata ne suka haɗa kuɗin,
suka ce a yini da shi, a nuna masa komai.
Barba Stamatis. Shekara hamsin yana ɗora dutse kan dutse,
tafin hannunsa kamar ɓawon tsohon zaitun.

Ni kuwa shekara goma sha tara ina bin hanyar nan.
Na san inda zan tsaya,
na san inda baƙi kan riƙe baki,
na san inda zan jefa barkwancin da bai taɓa ba ni kunya ba.

A kan gadar mashigin ruwa na fara zuba:
tsawo, zurfi, shekarar da aka gama.
Ya leƙa ƙasa, ya daɗe.
Wani jirgi na rarrafe can kamar kiyashi a tsagin bango.
Ya ce, "Fotini, ƙasar da suka haƙe,
ina suka kai ta?"
Na buɗe baki. Na rufe.

Haikalin Afolo, ginshiƙi bakwai suka rage a tsaye,
kowanne dutse guda, babu haɗi.
Na ɗauko zancen alloli da masu mulki.
Bai saurara ba. Ya tsuguna, gwiwa na ƙara,
ya kanne ido ɗaya yana auna layi
yadda tela ke auna kafaɗa.
"Wanda ya sassaƙa wannan bahago ne," in ji shi.
"Dubi inda ƙarfensa ya zame.
Yamma ce ta yi, ko kuwa ba a biya shi ba."
Ya miƙa hannu. Mai gadi ya busa usur.
Ya mayar da shi aljihu
kamar yaron da aka kama a kan ɓauren maƙwabta.

Rana tsaka muka fake a rumfar inabin Argiro.
Gurasa, cuku, tsire, tumatir cikin mai.
Bai ci sosai ba.
Ya jera cokula biyu da kwalbar gishiri
yana nuna mini yadda mutum ashirin da igiya
za su tayar da abin da ya fi su nauyi sau ɗari.
Gishirin ya faɗi sau uku.
Argiro ta tsaya da tire a hannu, tsirenta na ƙonewa.

Hawan tsaunin kagara ya ci mana awa biyu,
a takardata minti arba'in aka rubuta.
Kowace ƙofa sai ya zauna,
ya ce ba gajiya ba ce, kallo yake yi.
A ta uku ya nuna wani farin dutse mai zane
da aka cusa a kife tsakanin baƙaƙe.
Ya yi dariya har da tari.
"Mu magina duk ɓarayi ne.
Kowa daga bangon na gabansa yake ɗiba."

Daga sama teku biyu suke, ɗaya dama ɗaya hagu.
Iska ta cika masa riga.
Ya ce, "Gida sittin da ɗaya na gina.
Sha huɗu an rushe, an yi wurin ajiye motoci."
Na jira ya ƙara. Bai ƙara ba.
Ya tambaya ko akwai sauran ruwa.

A hanyar komawa barci ya kwashe shi,
yatsunsa na motsi a kan gwiwa.
Na kashe rediyo.

Washegari na kawo wasu mutum biyar, da hulunan rana.
Na faɗi shekarun, na jefa barkwancin, suka dara.
Suna ɗaukar hoto na zagaya baya,
na tsuguna, na kanne ido ɗaya,
ina neman inda ƙarfen bahagon ya zame.

Ban gan shi ba.
Ranar Alhamis zan sake dubawa.