Wa Ya Aiko Ka?

A ofishin filaye na Tawa, ɗaki na ƙarshe,
fanka na tuƙa zafin Afrilu kamar tuwo,
ni ke kiwon na'urori takwas
da firinta guda mai cin takarda.

Kowace ƙofa na ɗaura mata kwado,
kalmar sirri mai harafi goma sha biyu,
har Malam Nomau ya rubuta tasa a bayan kalanda
yana tsine mini a hankali.
Na ce gida ya kullu. Na yi barcina.

Ashe can ciki akwai wani bara
wanda ba ya fitowa a gilashi.
Shi ke saita agogo, shi ke ɗaura faifai,
makullan gidan duka a ƙugunsa suke.
Maƙerinsa ya koya masa sauri,
ya koya masa ladabi,
ya mance tambaya guda.

Sahiya ce ta gano, ƴar koyon aiki
da aka ba kujerar baƙi kusa da randa,
wadda izininta bai wuce buga wasiƙa ba.
Ran Laraba, bayan azahar:
“Mushe, zo ka gani.”
Layi ɗaya ta rubuta.
Bara ya rusuna, ya ɗauko mata kundin,
iyakar gonar wane, kangon da aka sayar sau biyu,
sunan marayu uku masu jiran gado a Koloma.
Da ta ce goge, da ya goge.

Gumi ya sauko mini har cikin takalmi.
Ba a fasa kwado ba, ba a haura katanga ba,
sallama kawai aka yi, ya ce bismilla.

Na tuna Inna. Ko garwashi yaro ya zo ɗiba
sai ta tsaida shi a bakin zaure,
ludayi a hannu: wa ya aiko ka?

Daren nan kuran ya ɗauke sau uku.
Da fitilar waya na ɗinke ɓarakar,
layi huɗu ne kacal, ko kunya ba su ji ba.
Yanzu bara na tambaya, har ni yana tambaya.

Amma shekara huɗu yana aike a ɗakin nan,
kuma littafinsa na sawu
ba ya ɗauke da sunan kowa.
Da safe na bi fuskokin da ke shigowa,
kowa ya gaishe ni lafiya lau,
Nomau ma har da goro.