Ƙara Ɗaya, Gida Lafiya

Ran da zan ƙetare Maigatari da riɗina,
na zaunar da Tasalla a gindin rumbu,
na ce, saurara ki ji dokar waya.

Can a Nijar layinmu baƙo ne,
baƙon da ko sallama ya amsa sai ya biya.
Ki kira a ci naki, in ɗaga a ci nawa,
jangali biyu a kan saniya ɗaya.

Tambayi Ɗanliti direba, bara ya sha ta.
Surukarsa ta kira da labarin kazarta,
kafin kazar ta hau kwanci
katin dubu biyu ya faɗa rijiya.

To ga yadda za mu yi.
Ƙara ɗaya ki katse, na san gida lafiya.
Biyu, an yi ruwan shuka, Jatau ya fid da iri.
Uku, babu kuɗin miya.
Ta ce, in ta wuce uku fa?
Na dubi ɗakin Inna, inda tari ke fitowa,
muka bar maganar a zuciya.

Kwana tara a tashar Damagaram,
buhu ne filona, wayar na aljihun gaba.
Bayan lisha sai ta motsa sau ɗaya ta yi shiru,
in juya in yi barci har safiya.
Daren Lahadi ta yi biyu,
na rantse ƙamshin jiƙaƙƙen turɓayar gonata
sai da ya biyo ni ta hanya.

Ran Laraba, muna tsakar ciniki,
mai saye na lissafa sefa yana tsotsar yatsa,
ta fara. Ɗaya. Biyu. Uku.
Huɗu. Mudu ya suɓuce mini.
A ta shida na ɗaga, salati a bakina,
gwiwata ta riga ta karaya.

Baba! Uwani ce. Na saci wayar Umma.
Baba, haƙorina ya fita!
Na rufe baki kar ƙadangare ya gani,
kuma ɗan akuyar nan mai fari a goshi
ya cinye takardar sunana,
Inna ta ce ka taho mata da dabino mai taushi,
yanzu tana waje tana ɗaurin tsintsiya.

Na san kuɗi na zuba kamar hatsi a tsagaggen buhu.
Ban katse ba. Na zauna a kan sikeli,
na ce, ina ji, sai me kuma?
har layin ya mutu tana tsakiyar dariya.

Washegari na sayi layin Nijar a bakin kasuwa,
wanda kira ke shigowa kyauta,
abin da Ɗanliti ya faɗa mini tun a mota
na ƙi ji don ƙyashin jaka ɗaya.
Na aika da lambar gida.
Da dare ina jira a sha hira,
wayar ta motsa sau ɗaya ta yi shiru.
Tasalla ba ta saɓa yarjejeniya.